Sun Sayar Da Doki, Sun Riƙe Linzami

A shekarar 2018 kamfanin Dodge na Amurka ya fitar da wata mota mai suna Challenger SRT Demon, guda 3,300 kacal: 3,000 domin Amurka, 300 domin Kanada. Aiki guda aka ƙera ta ta yi, wato ta zabura daga tsaye ta cinye kwatan mil, mita 402, kafin abokin karawarta ya farga. Ta kuwa yi hakan cikin daƙiƙa 9.65, tana ƙetare layin ƙarshe da gudun kilomita 225 a sa'a. Wanda ya biya kuɗinta, kusan dala 85,000, idan ya ƙara dala ɗaya tak, sai a aiko masa da wani ƙaton akwati mai ɗauke da sunansa. A ciki akwai jak, da sifanar ɗaure notin taya, da ma'aunin iska, da siraran wilin gaba guda biyu, da kuma ƙwaƙwalwar inji ta biyu wadda ke ɗaga ƙarfin motar daga doki 808 zuwa 840 idan aka shayar da ita man tsere.

Saƙon akwatin a bayyane yake: kai direba ne, kuma kai bakanike ne, ga kayan aiki, je ka fili ka nuna kanka. Sai dai ita ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin a kulle take, kamar dai wadda ta zo a jikin motar. An yarda mai mota ya kwance taya ya ɗaura, ba a yarda ya taɓa lissafin da ke tafiyar da injinsa ba. A wannan shekarar ce kuma uwar kamfanin, Fiat Chrysler, ta fara dasa wata ƙofar tsaro a motocinta, wadda ke tsayawa tsakanin bakanike da motar da aka kawo masa gyara.

Masu waɗannan motoci da makanikansu sun daɗe suna kukan cewa aiki a kansu ya zama azaba. Amsar da aka saba ba su ita ce zamani ne ya zo da haka, fasaha ta ci gaba, sai haƙuri. Ban karɓi wannan amsa ba, domin ta cakuɗa abu biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Akwai wahalar da ƙarfe da zafi da matsin iska suka kawo, wadda babu wanda za a ɗora wa laifinta. Akwai kuma wahalar da aka zauna a ofis aka tsara, aka sa mata hannu, aka kuma yi mata farashi. Ta biyun nan ƙwace ce, ko da an lulluɓe ta da sunan tsaro.

Tseren da masu sifana suka haifa

Tseren dirag shi ne mafi sauƙin fahimta cikin tseren motoci. Motoci biyu ke jerawa a miƙaƙƙen titi, fitila ta yi kore, wadda ta riga kai wa layi ta ci. Babu kwana, babu zagaye, sukuwa ce tsantsa. Samarin Kalifoniya ne suka raya shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da tsofaffin motocin Ford da suka farfasa suka sake haɗawa da hannunsu. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA domin a kwashe tseren daga titunan gari a mayar da shi filaye masu doka da oda. Kamfanoni daga baya suka zo, bayan sun hango kasuwa.

Da suka zo, sai suka kawo abin da Amurkawa ke yi wa laƙabi da mota mai ƙwanji: jiki matsakaici, inji mai silinda takwas wanda ya fi ƙarfin jikin, farashi kuma daidai aljihun ma'aikaci. Pontiac GTO ta 1964 ake yawan ambata a matsayin ta farko. A shekarar ne Ford ya ƙera Fairlane Thunderbolt guda ɗari domin tseren dirag kawai. A 1968 Chrysler ya haɗa kai da kamfanin Hurst suka cusa injin Hemi mai lita bakwai cikin ƙananan motocin Dart da Barracuda, suka sayar da su ko fenti ba a gama ba, kuma babu garanti. A 1969 Chevrolet ya fitar da Camaro ZL1 guda 69.

A lura da yarjejeniyar wancan zamani, domin ita ce ma'aunin da za mu auna ta yau da ita. Kamfani ya ce: ga mota, ba mu ɗauki alhakin abin da zai same ta ba, yi yadda ka ga dama. Mai mota ya buɗe bonet ya ga kafireta da distiribita da fulogi takwas, da sararin da hannu zai shiga ya juya. Idan yana son ƙarin mai, ya canza ƙananan bututun kafireta da sukudireba. Idan yana son wuta ta riga ko ta jinkirta, ya sassauta noti ɗaya ya murɗa distiribita. Idan ya yi kuskure inji ya fashe, asararsa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kamfanonin wancan lokaci sun yarda da haka.

Wahalar da ƙarfe ya kawo

Adalci ya wajabta a faɗi cewa motocin yau sun yi wa na da fintinkau, kuma wannan fifiko yana da farashinsa. Challenger Hellcat ta 2015 ta zo da doki 707 daga inji mai lita 6.2. Demon 170 ta 2023 ta kai doki 1,025 idan aka ba ta man da ya ƙunshi etanol mai yawa, ta kuma cinye kwatan mil cikin daƙiƙa 8.91. Duk da haka mota ce mai na'urar sanyaya ɗaki, wadda za a tayar da safe ta tashi, hayaƙinta kuma ya cika sharaɗin doka. Sukudireba ba za ta iya samar da wannan ba.

Sirrin ƙarfin shi ne sufacaja, famfon da ke zaune bisa kan inji yana ɗura masa iska da ƙarfi. Iskar da aka matsa takan yi zafi, iska mai zafi kuma takan sa mai ya kama wuta kafin lokaci ya ragargaza fistin. Saboda haka sai aka ƙara wani zagayen ruwan sanyi daban da na lagireto, mai nasa famfon lantarki da nasa bututu. A cikin Demon har an karkatar da sanyin na'urar sanyaya ɗaki zuwa ga wannan ruwa. Duk waɗannan kaya sai da aka nema musu wurin zama a ƙarƙashin bonet guda. Injin Hemi na zamani yana da fulogi biyu a kowace silinda, goma sha shida ke nan. Injin Coyote na Mustang yana da kamshaf huɗu, faɗinsa ya cika ɗakin inji, kuma tun 2018 yana da bututun fesa mai guda goma sha shida. A injin Camaro ZL1 ana harba mai kai tsaye cikin silinda da matsin da ya kai ba 200, alhali tsohuwar kafireta ko rabin ba ɗaya ba ta bukata. Bututun da ke ɗauke da irin wannan matsi ba a kwance shi da ganganci.

Haka abin yake a ƙarƙashin mota. Giyar Hellcat da Demon mai hawa takwas ba ta da gejin duba mai. Kafin a san ko manta ya cika, sai an ɗaga motar a daidaice, inji na aiki, an kuma karanta zafin man ta na'urar gwaji. Ƙafafun baya kowace da nata shaf, tsarin da ke da daɗi a kwana amma ke wahala a layin tashi, inda mota mai nauyin kusan tan biyu ke sauke dukan ƙarfinta a kan tayoyi masu danƙo cikin ƙiftawar ido. Idan taya ta fara tsalle tana kamawa tana saki, shaf ne ke karyewa.

Wannan duka wahala ce ta halal. Tana neman ilimi da haƙuri da kayan aiki masu kyau, kuma bakaniken kirki ba ya tsoron ilimi. Wanda ya koya zai iya. Matsalar tana farawa ne daga inda koyo ya daina amfani, inda mutum ya san ciwon, ya san maganin, amma aka hana shi shiga ɗakin majinyaci.

Wahalar da aka ƙirƙira

A motar zamani kusan babu gyaran da ke ƙarewa a ƙarfe. Ƙwaƙwalwar inji tana lissafa yawan iska da mai da lokacin wuta sau da dama a cikin daƙiƙa guda, tana kuma magana da ƙwaƙwalwar giya da ta birki da sauransu. Mai tsere da ya canza girman taya, ko haƙoran aksil, ko ya sa ƙaramin fulin sufacaja domin ƙarin iska, dole ya sanar da ƙwaƙwalwar, in ba haka ba za ta ci gaba da lissafi da tsohon bayani. Ko dai ta rage ƙarfi domin kare kanta, ko ta ba da mai kaɗan inji ya ƙone. Abin da murɗa distiribita yake a 1968, shi ne sake rubuta wannan lissafi a yau. Wanda ya kulle ƙwaƙwalwa ya kulle motar baki ɗaya.

Dodge ya kulle tasa tun daga motocin 2015, shekarar da Hellcat ta fito. Daga nan mai son sake lissafin injinsa sai ya cire ƙwaƙwalwar ya aika wa kamfanoni irin su HP Tuners ko DiabloSport su buɗe ta da kuɗi, ko ya sayi wata buɗaɗɗiya. General Motors ya bi sahu da sabon tsarin lantarkin da ya sa a Corvette ta 2020, wanda ya ɗauki masu buɗewa shekaru kafin su shawo kansa. Ford kuwa, wanda Mustang ɗinsa ta yi suna da sauƙin taɓawa, ya rufe ta 2024 da tsarin ɓoye bayanai, manyan injiniyoyinsa kuma ba su ɓoye cewa aikin masu sake lissafi zai yi tsanani ba.

Sannan ga ƙofar tsaro. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace mota wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, OBD-II, inda kowane bakanike zai jona na'urarsa ya ji abin da ke damun mota. Ƙofar da Fiat Chrysler ya dasa daga 2018 ta bar bakanike ya karanta lambar matsala, amma ta hana shi ba motar umarni: ba zai tayar da famfo ya gwada ba, ba zai daidaita sabon kayan da ya sa ba, sau da yawa ko goge lambar bayan gyara ba zai iya ba. Kafin ta buɗe, sai yana da na'urar da aka amince da ita, ya yi rajista da wani kamfani mai suna AutoAuth, ya biya kuɗin shekara, kuma ya kasance yana kan intanet a lokacin aikin. Mota tana gabansa, mai ita yana tsaye, makulli yana hannu, amma izini sai ya zo daga wata kwamfuta mai nisan dubban kilomita.

Hujjojinsu uku

Hujja ta farko tsaro ce, kuma tana da tushe. A watan Yulin 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka yi kutse cikin wata Jeep Cherokee daga nesa, suka katse mata ƙarfi tana tafe a babban titi da ɗan jaridar mujallar Wired a ciki. Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 domin gyara. Amma a duba ta inda ɓarakar ta shigo: ta rediyon motar ce, wadda kamfanin da kansa ya haɗa da layin salula. Raba rediyo da birki wajibi ne, babu mai hankalin da zai yi jayayya. Hana mutumin da ke zaune cikin motarsa amfani da kafar da ke ƙarƙashin sitiyarinsa wani abu ne daban. Ɓarawo ya shigo ta taga, sai aka sa wa mai gida kwaɗo a ƙofar ɗakinsa aka tafi da makullin. Ko a batun sata ma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Alƙaluman cibiyar HLDI ta kamfanonin inshorar Amurka sun nuna cewa Charger Hellcat ƙirar 2020 zuwa 2022, wadda ke ɗauke da wannan ƙofa, an sace ta fiye da matsakaiciyar mota sau sittin da ɗoriya. Kwaɗon ya tare bakanike, ɓarawo ya wuce abinsa.

Hujja ta biyu hayaƙi ce. Ita ma ba ƙarya ba ce. Dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta lalata na'urorin tace hayaƙi, kuma a 2020 hukumar kare muhalli ta EPA ta ƙiyasta cewa an cire irin waɗannan na'urori daga motocin a-kori-kura masu amfani da dizal sama da 550,000 cikin shekara goma. Wanda ya yi haka a titin jama'a ya cancanci hukunci, domin huhun da ke shaƙar hayaƙin ba nasa ba ne shi kaɗai. Sai dai idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Maguɗin hayaƙi mafi girma a tarihin mota ba a garejin wani saurayi aka yi shi ba. Volkswagen ne ya yi shi, a motoci kusan miliyan 11, ya kuma ɓoye shi cikin manhajar da babu wanda ke da ikon dubawa, har sai da masu bincike na Jami'ar West Virginia suka auna hayaƙin a kan titi asiri ya tonu a 2015. Shi kansa Fiat Chrysler ya amince a 2019 zai kashe kusan dala miliyan 800 domin sasanta zargin irin wannan manhaja a motocinsa na dizal kimanin dubu ɗari, a 2022 kuma reshensa na Amurka ya amsa laifi a kotu. Rufaffiyar manhaja ba ta kare iska ba, ta kare mai maguɗi ne. Hanyar kama mai gurɓata iska ita ce a auna abin da ke fita daga salansarsa.

Hujja ta uku garanti ce: kada mutum ya ƙara wa inji ƙarfi ya fasa shi, sannan ya dawo wurin dila yana neman sabo kyauta. Wannan ita ce mafi rauni. Ƙwaƙwalwar zamani tana ajiye shaidar an taɓa ta, dila kuma yana iya gani. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan wani, amma ta bar masa damar ƙin biyan ɓarnar da sauyin ya haddasa. Maganin yana hannunsu tun 1968: ka taɓa, ka ɗauki alhaki. Babu abin da ya kawo kwaɗo cikin wannan magana.

To me ya kawo shi? Amsar tana cikin kundin kayan sayarwarsu. Dodge ya farfaɗo da sashensa na Direct Connection, yana sayar da ƙarin ƙarfi mataki-mataki ta hannun zaɓaɓɓun diloli. Ford Performance yana sayar da sufacajar da ke kai Mustang GT ta 2024 doki 810 a kan kusan dala 10,000, da lissafin da ya dace da ita. Lokacin da Dodge ya nuna samfurin Charger mai lantarki a 2022, ya bayyana cewa ƙarin ƙarfi zai zo ne ta wani makulli na musamman da aka ɗaure da lambar motar. Ashe ƙarin ƙarfi ba haɗari ba ne idan su suka sayar. Yana zama haɗari ne kawai idan kuɗin zai shiga aljihun wani.

Abin da suke yi idan suna son cin kofi

Shaida mafi ƙarfi a kansu daga hannunsu ta fito. Kamfanonin uku duk sun ƙera motocin dirag na haƙiƙa, waɗanda ba su da lambar rajista kuma ba a hawa titi da su: Ford ya dawo da Cobra Jet a 2008, Dodge ya kawo Drag Pak a 2009, Chevrolet ya farfaɗo da COPO Camaro a 2012, yana ƙera 69 a shekara domin tunawa da ta 1969. Waɗannan su ke karawa a ajin Factory Stock na NHRA, inda ake sauka ƙasa da daƙiƙa takwas.

A leƙa cikin COPO. An cire tsarin ƙafafun baya mai sarƙaƙiya an sa aksil guda miƙaƙƙe. An cire giya mai hawa da yawa an sa mai hawa biyu ko uku, wadda asalin ƙirarta ta haura shekara hamsin. An kuma ajiye ƙwaƙwalwar General Motors an ɗauko ta kamfanin Holley, wadda kowane mai tsere zai jona kwamfutarsa ya sake lissafinta tsakanin zagaye da zagaye. Injiniyoyin da suka ƙera kwaɗon sun san cewa ba a cin tsere da motar da ba a iya taɓawa, domin zafin rana da laimar iska da danƙon titi suna canzawa daga safe zuwa yamma. Da suka tashi ƙera ta cin kofi, sai suka ƙera buɗaɗɗiya, suka sa mata farashin da ya haura dala dubu ɗari. 'Yancin taɓa inji, wanda ɗan makarantar sakandare ke da shi a 1969, yau ya zama kayan masu hannu da shuni.

Ko ita Demon, kamfanin ya yi ta tallar cewa NHRA ta haramta ta, domin dokar lokacin ta ce motar da ta sauka ƙasa da daƙiƙa goma ko ta wuce kilomita 217 a sa'a sai tana da kejin ƙarfe mai kare direba. Demon 170 ma ta samu irin wannan takarda, an ce sai da keji da lemar birki. Ma'anar wannan a fili take: motar da aka ƙera domin fili ba ta cika sharaɗin fili ba sai mai ita ya yi mata aiki. An sayar masa da abin da dole ya gyara, an kuma tsara shi yadda gyaran zai yi masa wuya.

Doka ta yi rabin hanya

Tushen ikon kamfanoni wata doka ce da ba domin mota aka yi ta ba. DMCA ta 1998 an kafa ta ne domin hana satar finafinai da waƙoƙi, ta kuma haramta karya duk wani kwaɗon da ke kare manhaja. A 2015, da aka nemi a keɓe motoci daga wannan hani, General Motors da John Deere mai ƙera taraktoci suka ƙi, bisa hujjar cewa manhajar da ke cikin abin hawa tasu ce, mai saye izinin amfani kawai ya samu. An keɓe motocin duk da haka, amma keɓewar sai an sabunta ta duk shekara uku, kuma ba ta tilasta wa kamfani miƙa makulli ba. Ta ce ne kawai idan ka iya haura katangar gidanka, ba za a kama ka ba.

Duk inda aka tambayi jama'a, amsarsu ɗaya ce. A jihar Massachusetts kashi 86 cikin ɗari suka zaɓi dokar 'yancin gyara a 2012, kashi 75 suka amince a faɗaɗa ta a 2020. A jihar Maine kashi 84 suka yi haka a 2023. Ƙasar da ba ta cika haɗuwa a kan komai ba ta haɗu a kan wannan. Martanin ƙungiyar kamfanonin mota ga ƙuri'ar 2020 shi ne garzayawa kotu, inda shari'ar ta shafe sama da shekara huɗu kafin alƙaliya ta yi watsi da ƙarar a 2025. Har yanzu babu dokar tarayya. Waɗanda ake da su kuma gyara suka shafa, ba su kai ga sake lissafin inji ba. A ɗaya ɓangaren, ƙudirin RPM da aka fara gabatarwa a majalisa a 2016 domin tabbatar da halascin mayar da motar titi ta tsere bai taɓa zama doka ba. Mai tsere ya rage a tsakiya, kamfani ya kulle masa ƙofa, majalisa ta ƙi faɗa masa matsayinsa.

Bayan shekara talatin

An daina ƙera Challenger a masana'antar Brampton ta Kanada a watan Disambar 2023, Camaro ma ta tsaya a daidai wannan lokaci. Daga yanzu waɗannan motoci tsufa kawai za su yi. Camaro ta 1969 tana gudu har gobe, domin duk abin da ya lalace a jikinta akwai maƙerin da zai iya ƙera madadinsa. Wa zai ƙera madadin ƙwaƙwalwar da aka ɗaure da lambar mota, wadda ba ta karɓar umarni sai da sa hannun kamfani? Wa ya yi alkawarin cewa kwamfutar da ke ba da izini za ta kasance a kunne a 2055? A 2022, da kamfanonin sadarwar Amurka suka rufe layin 3G, motoci masu ɗimbin yawa sun wayi gari wasu hidimominsu sun mutu, babu abin da ya lalace a jikinsu. Wannan somin taɓi ne.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan rigimar masu kuɗin Amurka ce. Da haka ne da an huta. Amurka na cikin manyan wuraren da tsofaffin motoci ke fitowa zuwa tashoshin Legas da Kwatano, da yawansu motocin haɗari ne da aka saya a gwanjo domin a gyara. Charger da Challenger da Mustang ba baƙi ba ne a titunan Abuja. Ƙofar tsaron kuma ba ta tsaya kan motoci masu ƙwanji ba, tana cikin Jeep da Ram, wasu kamfanoni irin su Nissan da Mercedes da Volkswagen ma sun kawo nasu salon. Abin da aka gwada a kan Hellcat jiya shi zai iso garejin Apo da Panteka gobe, a jikin motar haya da ta kai yara makaranta. Bakaniken da ya shekara ashirin yana gane ciwon inji da kunne, da mai rewayar da ya koyi aiki da na'urar gwaji da guminsa, za su tarar da motar da ke neman rajista da kuɗin dala da intanet kafin ta amsa musu sallama.

Abin da ake nema ba shi da yawa. A ba mai mota makullin manhajar motarsa idan ya tabbatar tasa ce, kamar yadda ake ba shi makullin ƙofarta. Idan ya sake lissafin inji, motar ta rubuta hakan, garantin abin da ya taɓa ya faɗi. Idan zai hau titin jama'a, a auna hayaƙinsa a hukunta shi in ya saɓa. Idan fili kawai zai je, doka ta faɗa masa haka a sarari. Ranar da kamfani ya daina kula da wata ƙira kuwa, ya saki makullanta ga jama'a, kada motoci masu rai su mutu saboda an kashe wata kwamfuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai buɗe wa ɗan kutse hanya ko ya ƙara hayaƙi a sama. Abu guda za su rage, shi ne kuɗin da ake karɓa a bakin ƙofa.

A kasuwar dawaki, idan ciniki ya faɗa aka biya, da linzami ake miƙa doki. Dillalin da ya karɓi kuɗi ya ce linzamin zai zauna a wurinsa, duk ranar da ake son sukuwa a zo a nemi izini a biya, haya ya bayar, kuma ya kamata takardar cinikin ta faɗi haka.